Takunkumi Mai Taga

Zuwa ga maigidana, inuwata ta tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, ruwan farkon damina da ƙasa ke jira, uban 'ya'yana, abokin faɗana kuma abokin dariyata, mai taurin kan da Allah bai yi na biyunsa ba!

Gaisuwa mai yawa da so da ƙauna daga matarka, wadda ke zaune a gaban keken ɗinkinta, bango ɗaya ne tsakaninta da kai, tana jin ƙarar zartonka. Na san za ka ce wace irin hauka ce wannan, mace ta rubuta wa mijin da suke kwana ɗaki ɗaya wasiƙa? Kai ka jawo. Sauran maza in ba sa son magana kunnen uwar shegu suke yi, amma dole maganar ta shiga. Kai kuwa tun da sanƙarau ya tafi da jinka ka samu makamin da ya fi nasu: da na buɗe baki a kan zancen coci sai ka rufe ido ruf, ka bar ni ina yi wa bango wa'azi. To, takarda ba ta gajiya. Zan danne ta da gudumarka a kan teburin aiki, na kuma san halinka, ko takardar da aka ƙunso maka ƙusa a ciki sai ka warware ta ka karanta.

Albishirinka, masoyina! Na yi nasara. Amma ba zan faɗa maka a gurguje ba, don na sha wuya kafin in samu, sai ka bi ni daki-daki.

Ka tuna lokacin da ka tashi daga wancan ciwon, muna da ɗa ɗaya a goye? Ka tashi duniya ta yi maka tsit, ka daina fita, ka daina dariya, ka bar katako yana cin rana a tsakar gida. Kowace safiya sai in ja ka bakin ƙofa inda haske yake, in zauna gabanka gwiwa da gwiwa, in riƙa faɗin kalma kana kallon bakina. Ruwa. Ƙofa. Yunwa. Ka kasa, ka yi fushi, ka tashi, in jawo ka. Wata rana na gaji liƙis, na kau da kai kaɗan na ce a hankali, wannan mutum da taurin kai yake kamar jaki. Sai kawai na ji ka ce ai jakin ma wata ce ta zaɓe shi da idonta biyu. Wayyo, baban yara! Ban taɓa jin daɗin a kama ni da zagi ba sai ranar. Na yi dariya har na tashi yaron daga barci, na yi kuka a kafaɗarka. Daga bakina ka koya, daga nan ka wuce bakin 'ya'yanka, da masu kawo maka aiki, da fasto. Shekara da shekaru kana zaune a benci na gaba, bencin da kai ka ƙera shi da hannunka, wa'azi bai taɓa wuce ka ba. Sau nawa muka dawo gida kai kake tuna min ayar da ni mai kunne na yi gyangyaɗi a kanta?

Da annoba ta zo aka rufe coci, ba ka rasa komai ba sai mutane. Ina riƙe da waya, fasto yana magana a ciki, ni ina maimaita maka, kana karantawa a leɓena. Watanni muna haka. Amma na ga yadda kake wanke rigarka ta zuwa sujada ba dalili, kana gogewa kana ratayewa. Da aka ce za a buɗe, wa ya kai ka murna? Kai ka je ka jajjanye bencunan coci aka yi tazara, kai ka gyara tagogin da suka ƙi buɗuwa don iska ta riƙa ratsawa, kai ka ƙera mazaunin bokitin wanke hannu a bakin ƙofa. Ba ka karɓi ko godiya ba.

Sai ga ranar. Ban so in tuna maka, amma dole. Muka wanke hannu, aka auna zafin jikinmu, mai tsaron ƙofa ya nuna mana wurinmu. Jama'a suna ta hawayen murna, kowa da takunkumi daga hanci har haɓa. Amininka mai gyaran babur ya tsaya daga nesa yana ta zuba maka gaisuwa, kana kallonsa kamar baƙo, don ba ka san yana magana ba. Fasto ya hau mumbari, ƙyalle yana motsi a fuskarsa, shi ke nan abin da ka samu. Sai ka juyo wajena, yadda ka saba in abu ya ɓace maka, ka nemi bakina. Ka tarar da ƙyalle, ƙyallen da ni na ɗinka. Kallon da ka yi min a lokacin har yanzu yana sukana a ƙirji. Ka zauna har aka tashi, don kai ba mai tayar da hankalin jama'a ba ne, muka dawo gida ka cire rigar ka ce an buɗe wa kowa coci ban da kai, ba kuma za ka sake zuwa ka yi zaman gunki ba.

Lahadin da ta biyo na tafi ni kaɗai. An yi waƙa, ban ji daɗinta ba. Ina zaune a gefen wurinka babu kowa, zuciyata tana tafasa. Ana tashi na tare dattawan coci a ƙarƙashin bishiya, na ce fasto ya cire takunkumi lokacin wa'azi, ba sai an yi shawara ba. Ka san bakina in ya ɓalle. Na ce mutumin da ya yi musu abin zama shi suka bari a tsaye a waje. Wadda ta tare ni ita ce nas, wadda aka ɗora wa kula da dokokin lafiya. Ta kafe kai da fata, ta ce ba wanda zai buɗe baki a cikin ɗakin nan, ko fasto ne, don mai wa'azi ya fi kowa fesa numfashi. Na yi tsalle na dire. Ta bar ni na gama tas, sannan ta nuna min bencin da mahaifiyarta take zama kafin annoba ta ɗauke ta, ta ce ba za ta ƙara wani wurin da babu kowa ba, ko da zan daina gaishe ta har abada. Na so in ji haushinta, na kasa, don gaskiya ta faɗa, rigakafi ya fi magani.

Na dawo gida ina huci, ba ka sani ba, don ka ga fuskata ka rufe idonka. Na shiga ɗakin ɗinki ina tattara tsumma don in huce, sai hannuna ya faɗa kan jakar robar nan mai haske da aka sayar mana da zanen gado a ciki. Na ɗaga ta, na hango keke ta cikinta sarai. Na ce kai, in ɗaki yana da taga, me zai hana takunkumi?

Kada ka ɗauka abin ya zo da sauƙi, zumata. Na farko da na ɗinka, robar ta manne min a leɓe, ina magana tana shiga bakina. Na biyu na ba shi tudu ya tashi daga fuska, ya yi kyau, amma ina numfashi sau biyu ya yi hazo, na koma kamar wadda ke leƙowa daga cikin tukunya. Allura ta karye, zare ya cukurkuɗe, 'yar autarmu tana leƙe tana dariya tana cewa Mama ta zama kifin kwalba. Na haɗiye girman kaina na ɗauki abin na kai wa nas har gida. Na ɗauka za ta kore ni. Ta juya shi, ta sa yatsa a gefen hanci ta ce nan iska tana fita, in sa 'yar waya mai lanƙwasuwa, in kuma ninka ƙyallen gefe. Maganar hazo kuwa ta ce ai su ma da tabarau suke fama, a shafa ɗan sabulu a cikin robar a goge da busasshen tsumma. Na koma na gyara, na mayar, ta sake samun ƙofa a ƙarƙashin haɓa, na sake komawa. Matar nan ta wahalar da ni, Allah ya yi mata albarka! Ran da ta ɗaura shi ta yi tari a gaban kyandir harshen wutar bai motsa ba, ta ce in je in gaya wa dattawa ta amince. Da ba don dokar tazara ba da na goya ta.

Jiya muka gwada a coci, babu kowa sai ni da ita da fasto da matarsa. Fasto ya ɗaura ya hau mumbari, ni na zauna a wurinka na cusa auduga a kunne na ɗaure da ɗankwali. Baban yara, ashe kai gwani ne ban sani ba! Bawan Allah yana ta wa'azi, ni abin da na gani kamar mai tauna ƙashi. Ban kama ko kalma ɗaya ba. Amma na gano abu biyu. Hasken taga yana dukan robar yana ƙyalli, sai muka ja mumbarin gefe har ƙyallin ya ɓace. Na biyun kuma, gashin bakin nan nasa da ka daɗe kana ƙorafi a kai, wanda kake cewa yana cinye maka rabin kowace aya, ya cika tagar fal kamar an tura tsintsiya. Na rasa yadda zan faɗa. Matarsa ce ta ce ita ma ta gaji da shi tun suna saurayi da budurwa. Fasto ya shafa shi, ya ce in dai don ɗan'uwa ne, gashi ai yana tsirowa. Yau da safe na gan shi a hanya, leɓensa fes kamar na ɗan makaranta. Ina roƙonka, in ka gan shi kada ka yi dariya da ƙarfi, ka san ba ka jin girman muryarka.

Tun ran da nas ta amince magana ta bazu. Mai jan waƙa ta ce a yi mata, mai karatun Littafi ya ce a yi masa, mai tsaron ƙofa ma haka. Amininka ya zo da kansa ya ce shi fa ba zai sake gaishe da mutum ana kallonsa kamar ɓarawo ba. Matan zumunta suka kwaso jakunkunan roba daga ƙarƙashin gadajensu, biyu daga cikinsu suka ɗauki samfuri suna ɗinkawa a gidajensu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Har dattijon nan da ya fi kowa tsufa ya aiko a yi masa nasa, ko da yake ban san me za ka karanta a bakin da babu haƙori ba. Ba a karya doka ko ɗaya ba, masoyina. Za a wanke hannu, za a zauna nesa-nesa, tagogi a buɗe, kowa a rufe. Amma za ka ga bakin mutanenka.

To yanzu me ya rage, hasken idona? Kai ka rage. Na san abin da ke cin ka ba wa'azin ba ne kaɗai. Kana ganin an manta da kai, kana kuma jin kunyar a ce saboda kai aka yi ta wannan hidima. Haba, maigida! Da ka kwana biyu kana fama da tagogin nan don tsofaffi su sha iska, kunya suka ji? Sun manta da kai, gaskiya ne, ni ma da nake kwana kusa da kai ban hango ba sai da abin ya faru. Amma an tuna musu sun tuna, har da reza. Ina kewarka a wurin nan kamar yadda shuka ke kewar ruwa. Ina kewar kafaɗarka kusa da tawa, da yadda kake rera waƙa kana bin bakin mai ja, kana riga kowa ko kana bin bayan kowa, ba ruwanka. Ba na son sujadar da zan dawo in ba ka labarinta. In ka ce ba za ka ba, ni ma na zauna, mu yi ta zama har annoba ta wuce, don ba zan ƙara shiga ƙofar nan in bar ka a baya ba. Amma za ka je. Na san mijina.

Gobe in fasto ya hau mumbari, kafin addu'a, kafin sanarwa, kalmar farko da zai faɗa sunanka ne, ya yi maka barka da zuwa a gaban jama'a. Ni na roƙe shi. Zan zauna kusa da kai, hannuwana a kan cinyata. Ba zan taɓa ka ba, ba zan zungure ka ba, ba zan maimaita maka ba. Kai za ka gani da kanka, ka miƙe ka amsa.

Taka ce ni, jiya da yau da gobe, a cikin annoba da bayanta, da takunkumi da babu, har ranar da Ubangiji zai kira ɗayanmu.

Matarka, mai ɗinki, uwar 'ya'yanka.