Dokin Yayanka Yana Jan Amalanke

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya tarin nan naka? Mu nan lafiya, sai kewa. Ka yi haƙuri da rubutun, da furfurata na koya, layin sai ya riƙa gangarawa.

Mun binne yayanka ranar Talata. Sojojin kan iyaka ne suka kawo shi, a mashigar kogi suka harbe shi. Layinmu ya cika da masu son ganin Guguwa, kamar yadda suke kiransa, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana tare hanya da mutum talatin a bayansa. Ni da na buɗe fuskarsa, yaron nan na gani mai kora jakunan babanku, kafin a ƙwace musu kaya a shinge ya shiga daji da fushi. Ba wanke shi daga laifi nake yi ba. Wata da ya kashe wa miji ta zo ta tsaya a ƙofa. Na kasa ɗaga ido in dube ta.

Jiya mutanensa biyu suka kawo min baƙin dokinsa da sirdi. Wai ƙa'idarsu ce, idan shugaba ya faɗi, uwarsa za ta ɗora hannu a kan dokin, a kai wa ɗan'uwansa na jini. Ya hau, ya zama shugaba. In ba haka ba, ba mai bin wani. Kai suke nufi, Auta. Kai da ka bi shi daji wata takwas kacal, wai don ka lallaso min shi gida.

Na ce su bar dokin ya huta kwana uku. Kada ka yi komai sai ka sake ji daga gare ni. Mai kai muku gishiri zai kawo maka wannan takarda.

Mahaifiyarka

Autana,

Ina gaishe ka, ina fatan kana cin abinci. Ka ji abin da na yi, kada ka yi fushi.

Na ba kawunka mai sayar da ruwa dokin, ya ɗaura masa amalanke. Dokin ya yi tutsu, ya fasa jarka huɗu, ya jefa kawunka cikin kwata da tumbinsa. Amma kafin la'asar yana jan ruwa gida-gida, duk unguwa na kallo.

Da mutanen suka dawo suka gan shi, babbansu ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ya ce dokin da ya ja amalanke babu namijin da zai bi bayansa. Na ɗauka nan za su kashe ni. Sai ƙaramin ya fashe da dariya har da hawaye, ya tambaye ni ko gaskiya ne ana karɓar tuba.

Gaskiya ne. Na je da ƙafata wurin babban jami'in sojojin, ya ce duk wanda ya kawo bindigarsa da kansa ba za a harbe shi ba, kotu za a kai shi. Yanzu ba abin da za ka gada. Ka zo da rana tsaka, ta babbar hanya, hannuwanka a sama. Na binne ɗaya, Auta. Ba zan iya na biyu ba.

Mahaifiyarka mai jiranka

Autana,

Gaisuwa da fatan alheri. Suna ba ku bargo a gidan yarin? Ka faɗa min gaskiya.

Da aka ce ku bakwai kuka fito, kai ne a gaba, sai da maƙwabciya ta riƙe ni. Na ji hukuncin alƙali. Kawunka yana ta jimami wai shekara biyu da yawa, na ce ya yi min shiru. Jami'in ya ce ana koyar da aikin kafinta a ciki, ka sa kanka. Ranar ziyara zan zo da sassafe, ka aske wannan gashin kafin in gan ka.

Kada ka damu da ni. Shekara biyu ba komai ba ce a wurin uwar da ta san ƙofar da ɗanta yake bayanta.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka