Soson Kujerar Yaya da Tarwaɗar da Ta Ƙi Girma

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ban saba kai kukana jarida ba, amma wannan ba maganar da zan yi da maƙwabta ba ce.

Kiwon tarwaɗa nake yi a bayan gida, cikin tankunan siminti. Da shi muke rufa wa kanmu asiri tun da maigida ya bar aiki. Yayana kuwa gyaran kujeru yake yi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya aurar da ni. Bara da ya ga wahalar da nake sha wajen canza ruwa, sai ya haɗa mini matatar ruwa. Durom ya huda, ya cika shi da tsohon soson da yake cirowa daga kujerun ofis da na mota, ruwan tanki ya bi ta ciki ya dawo garau. Anti, da kin ga murna! Baƙo bai isa ya zauna ba sai Yaya ya ja shi bayan gida ya nuna masa, har yarana suka laƙaba masa Injiniya. Tun da matarsa ta rasu ban ga abin da ya sa shi dariya kamar durom ɗin nan ba.

To, sai kifi suka ƙi girma. Suna ci, amma ba auki, wasu ma da kumburi a ƙarƙashin haɓa, suna iyo a kasalance. Na canza abinci, na zargi mai sayar mini da 'ya'yan kifi, har na yi masa tatas, bawan Allah. Daga ƙarshe na kira likitar dabbobi. Da ta buɗe durom ta damƙi soson, sai ya marmashe a hannunta. Ta ce akwai soson da ake sa wa sinadarin hana kamawar wuta, in ya tsufa yakan zuba cikin ruwa, kifi ya tara shi a kitsensa. Sinadarin yakan rikita tayirod, wato abin nan na maƙogwaro mai kula da girman jiki, wanda in ya kumbura wa mutum muke cewa maƙoƙo. Ashe kifi ma yana da shi. Ta ce ba za ta rantse ba sai an yi gwaji, amma zarginta ya fi karkata can.

Yanzu ga mai suyar kifin da ke saye a wurina tana jira, kuma yawanci 'yan makaranta ne ke cin nata. Maigida ya ce in sayar kawai, ai mu ma mun ci ba wanda ya faɗi. In na ƙi sayarwa, dole Yaya ya tambayi dalili, ni kuwa ba ni da bakin gaya masa. Jiya ma ya zo da wani buhun soso a bayan babur, yana ta fara'a. Na yi godiya na kai ɗakin ajiya, na zauna na yi kuka. Ina tsoron cutar da 'ya'yan mutane, ina tsoron karya zuciyar Yaya. Yaya zan yi?

'Yar'uwarki mai kiwon tarwaɗa

Amsa:

'Yar'uwa, sannu da wannan nauyi. Share hawayenki mu yi magana.

Kada ki sayar da kifin nan yanzu, ku ma ku dakata da ci. Ki cire soson daga hanyar ruwa yau ɗin nan, ki koma canza ruwa kamar da, ki roƙi likitar ta taimaka a kai kifi da soson gwaji. Ba kowane soso ke da sinadarin ba, kuma rashin girma da kumburi kan zo ta wasu hanyoyi, kamar abinci marar inganci ko cunkoso. Wataƙila sakamako ya wanke durom ɗin. Amma kafin ya fito, ba a bakin 'yan makaranta za a yi gwajin ba.

Ban ga laifin maigida da ya damu ba, shi tukunyar gida yake dubawa. Sai dai ki fahimtar da shi cewa irin wannan sinadari ba ya kayar da mutum nan take, a hankali yake taruwa. Ku kai yara asibiti, ku faɗi abin da ya faru, likita ya duba ko akwai buƙatar gwajin jini. Kada ki firgita, wannan don hankalinki ya kwanta ne. Mai suya kuma ki gaya mata kin dakatar da sayarwa sai an duba lafiyar kifin. Za ta yi mita, amma za ta dawo.

Saura Yaya. Ina ganin kin raina ƙarfinsa. Bai yi ganganci ba, alheri ya yi da abin da ke hannunsa, kuma ba a rubuta komai a jikin soso ba. Ki je shagonsa da kanki, kada ki aika maigida. Ki fara da godiya, ki faɗi abin da likita ta ce yadda ta faɗe shi, ba ƙari ba ragi. Ki tuna shi ne ke shaƙar ƙurar soson nan kullum, don haka ya fi kowa haƙƙin ya sani. Sannan ki nemi ya taya ki tunanin abin da za a zuba a durom, ko tsakuwa ko yashi mai tsabta, bisa shawarar likitar.

Ransa zai ɓaci, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma wannan ɓacin rai na kwanaki ne. Wanda ba zai warke ba shi ne ya ji daga baya cewa kin ciyar da 'ya'yan mutane abin da kike shakka, don kawai kada fuskarsa ta canza.

Allah ya ba ku lafiya ke da yara, ya mayar miki da alheri, ya bar zumunci tsakaninki da Yaya.

Anti