Goron da Na Saya wa Lauya

Zuwa ga Yaya Labo, a Tajaye.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Yaya jikin Inna? Gero ya yi kuwa bana?

Ni lafiya lau nake a nan Amurka, aiki sai godiya. Sai dai ƙanenmu Muttaƙa har yanzu yana tsare saboda takardu, ko ganinsa ba a bari in yi.

Ran Lahadi ƙungiyar unguwarmu ta nuna mana silima kan wata lauya baƙar fata, wadda aka ce ita ta fara tsaya wa marasa gata a kotu. Turancin ya fi ƙarfina, amma na ga tana fito da mutane daga kaso. Washegari na sayi farin goro, don ba a zuwa wurin babba hannu rabbana, na koma tambayar gidanta don in roƙe ta ta fito mana da Muttaƙa. Matar da ta nuna silimar ta dube ni da tausayi, ta ce lauyar ta rasu tun ba a haife ni ba.

Ka ce wa Inna mu biyu muna gaishe ta, kada ka ƙara komai. A sa mu a addu'a.

Goron yana nan, kullum ina yayyafa masa ruwa. Ban san wanda zan kai wa ba.

Ƙanenka,
Hamidu