Lallen Yatsu Biyu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ke, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa bana na cika shekara tamanin da shida, wato na girme ki da shekara ashirin. Idona yana gani, ni nake zuwa cefanena Kasuwar Muda Lawal, kuma da hannuna nake wannan rubutu. Na san wasu za su karanta. Ba na neman tausayin kowa daga cikinsu, ba na neman naki. Akwai maganar da kika bar mini a buɗe, ita na zo rufewa.

Kin san faɗuwar gabana tun ina ƙarama. Ba a yi mutuwa ba, ba a yi gobara ba, haka kawai zuciya ta kama dukan ƙirji, tafin hannu ya jiƙe, numfashi ya tsaya a wuya. Gwaggonnina suka ce iska ce. Kika karɓo rubutu na sha, kika yi mini tofi, ba ki taɓa cewa ina shagwaɓa ba.

Shekara uku kafin 'yancin kai aka ɗauke ni koyarwa a makarantar 'yan mata. Ranar da mai duba makarantu zai shiga ajina karo na farko, Baturiyar da ke shugabantarmu ta same ni a bayan ɗakin ajiya, na dafa bango. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta buɗe gwangwanin sigarinta, ta ba ni kara ɗaya, ta ƙyasta ashana. Na yi tari har hawaye, amma faɗuwar gaban ta lafa. Na shiga na koyar da lissafi, aka rubuta cewa ba a ga malama mai natsuwa kamata ba. Na yarda da rahoton, na kuma yarda cewa karan ne ya jawo shi.

Bayan wata shida, ran wata Juma'a da la'asar a tsakar gidanmu na Ɗan Iya, na miƙa miki ƙwaryar fura. Kika riƙe hannun maimakon ƙwaryar. Kika dubi manuniya da ta tsakiya, waɗanda hayaƙi ya fara rinawa, kika sake ni. Ni ce ta fari, ko sunana ba kya kira, balle ki zaunar da ni ki yi mini irin wannan tambaya. Washegari na tarar kin daka lalle kin kwaɓa. Kika ce, "Miƙo hannun, Malama." Kika ƙunsa duka biyun don kada a yi tambaya, amma a kan yatsu biyun nan kika fi cikawa, kika zura mini zunguru.

Daga nan duk mako biyu sai kin kwaɓa. Baba yana magatakarda a ofishin En'e, ya sha surutu a kan sa ni boko. Da an ce 'yarsa tana shan taba, da an cire yara da yawa daga makarantar, ba ni kaɗai za a kora ba. Kin san haka. Ba ki iya karatu ba, amma ke kika tsare ajin nan.

Ranar 'yancin kai ni na jagoranci yarana zuwa fili, kowace da 'yar tutarta. Kafin mu fita na sha kara uku a jere. Aka yaba, har aka ce a dubi yadda 'yar ƙasa take tafiya kai a sama. Da na dawo kina ƙunsa mini lalle, ba ki ɗago ba, kika ce, "Ranar da kika gaji, ki faɗa mini, in daina kwaɓawa." Na ce ban gane ba. Ita ce ƙarya ta farko da na yi miki da bakina.

Kika rasu ban faɗa miki ba. Na ci gaba da kwaɓawa da kaina. A Bauchi an san ni da abu biyu, tsanani a aji da jan hannu. Mai teburin da nake sayen sigari a wurinsa kullum ce masa nake yi na maigida ne. Da maigidan ya rasu, ya zo ta'aziyya, ya yi addu'a mai tsawo. Mako biyu bayan na fita takaba ya miƙo mini kwali a nannaɗe cikin takarda, kamar yadda ya saba. Na ɗauki wannan a matsayin ladabi.

Likitoci sun yi ta magana a kan ƙirjina. Na saurare su kamar yadda ɗalibaina suke saurarena ran Juma'a da rana.

Ba su ne suka sa na daina sha ba. Kina da tattaɓa-kunne mai suna Hauwa, tana karatu a jami'ar da ke Gubi. Kwanan baya ta zo mini ana gobe jarrabawarta, ta zauna a bakin gado, ta dafa ƙirji. Na ga tafin hannunta, na gane baƙon. Ta tambaye ni yadda nake yi, ni da ba na tsoron komai. Na duba abin da zan miƙa mata, Inna, sai na ga ba ni da komai sai abin da Baturiya ta miƙa mini.

Na faɗa mata gaskiya tun daga bayan ɗakin ajiya. Na zaci za ta razana. Ta ce, "Tsohuwa, ai duk gidan nan mun sani. Turarenki bai kai ƙarfin da kike zato ba. Faɗuwar gaban ce ba mu sani ba." Na kwana biyu ina jin haushin wannan magana. Shekara sittin da takwas ina ɓoye abin da kowa ya sani, wanda ya kamata a sani kuwa na ɓoye shi da kyau, har yarinya ta zaci ita kaɗai ce a danginmu.

Ba zan ce miki baƙon nan, faɗuwar gaba, ya tafi ba. Da hantsi yake zuwa, kusan kullum, ya fi dā ƙarfi tunda na cire masa abin toshiya. Ina zama a tabarma, in jingina da bango, in ja carbi ina daidaita numfashi da shi. Yakan ɗauki kamar tsawon dahuwar shinkafa, sannan ya tashi da kansa. Ban taɓa sanin yana tashi da kansa ba, domin ban taɓa jira ba. Ni da Hauwa muna ganin likita ɗaya ran Talata. A cikin keke ita take riƙe hannuna, tana cewa don kada in faɗi. Na bar ta a kan haka.

Inna, kin rufa mini asiri ba ki taɓa goranta mini ba. Allah ya rufa naki, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya haɗa mu a inda gaba ba ya faɗuwa. Amin.

Yau wata biyu da kwana tara rabona da sigari. Ragowar kwalin na mayar wa ɗan mai teburin, wanda ya gaji wurin, na gaya masa nawa ne, ba na maigida ba. Tun ranar ban ƙunsa lalle ba. Jan yana ta hawa sama, farcen ya fito fari daga tushe, ya kusa kai rabi.

Na gane tun ranar da kika faɗa. Na gaji, Inna. Ki daina kwaɓawa.

'Yarki ta fari,
Malama