Shekara Talatin Ina Fuskantar Kwari

Litinin, 18 ga Disamba

Ƙanƙara ta sauka a Faraya, makarantar siki, wato sulu a kan ƙanƙara, ta buɗe. Ustaz Fawzi, mai makarantar, ya kira ni ofis. Wai 'yan Beirut yanzu allo ɗaya suke so a ƙarƙashin ƙafa, sun daina yayin siki mai katako biyu. "Tanyus, ka iya allo kafin ƙarshen Fabrairu, in ba haka ba baɗi ba ka da gurbi." Shekara talatin ina koyar da siki a dutsen nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ce zan iya.

Asabar, 6 ga Janairu

Mirna aka ba ni ta koya min, 'yar mai gidan burodi. Ni na ɗora ta a kan siki tana 'yar shekara bakwai. Ta tuna min cewa kullum sai na sa ta kuka da tsawa. Ni ban tuna ba.

An ɗaure min ƙafafu biyu a katako ɗaya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Faɗuwa goma sha huɗu.

Juma'a, 19 ga Janairu

Matsalar ƙirjina ce. Mai siki kwarin da ke ƙasan dutse yake fuskanta, abin da na yi ta cusa wa mutane ke nan tun ina saurayi. Allo kuwa a karkace ake tsayawa, kafaɗa ce gaba. Da na ji gudu sai ƙirjin ya juya da kansa, bakin allo ya cije, sai ga ni a ƙasa.

Mirna ta ce, "Kawu, kwarin nan ba guduwa zai yi ba, daina kallonsa." Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta yi, da na fi jin daɗi.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Ban iya zama a coci ba saboda ƙugu. Najat, matata, ta ce in haƙura in koma gonar tuffa. Ba zan koma ba.

Talata, 20 ga Fabrairu

Yau na ji tsoro, tsoro na gaske. Na zauna a bakin gangara na kasa sauka, mutane na wuce ni. Mirna ta zauna kusa da ni tana jira, har na tashi don kaina. Na yi juyi shida ban faɗi ba.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Fawzi ya tsaya a ƙasa yana kallo, na sauko tun daga sama. Ya ce, "Babu kyan gani, amma ka sauko. Baɗi kana nan." Na sha shayi kofi biyu.

Asabar, 9 ga Maris

Ɗalibata ta farko a allo, wata likitar haƙori daga Zahle. A tsakiyar gangara ta ƙame, ta zauna, ta ce ƙafafunta sun ƙi. Na buɗe baki zan yi tsawar da na saba.

Ban san yadda aka yi ba, sai na gan ni zaune a ƙanƙara kusa da ita. Mun kai minti ashirin. Wandona ya jiƙe sharkaf.

Gajiya ce kawai ta zaunar da ni, ina jin. Gobe zan biya gidan burodi, akwai haƙurin da ya kamata in ba Mirna tun tuni.