Gangunan da Alhaji ya sayo a Aflawo

Zongo, Lome
22 ga Yuli, 1989

Zuwa ga yayata Kulsum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya Gusau, yaya damina? Allah Ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan taki. Mu nan mun yi Sallah lafiya. Rahmatu ta sauka, an samu mace, an sa mata Ajaratu.

Yaya, na rubuto ne don kada ki fara ji a bakin fatake cewa ɗanki Nata'ala ya ɗaga wa mahaifinsa Alhaji murya a gaban jama'a. Ya ɗaga ɗin, ba ƙarya ba ne, amma ki ji yadda aka yi.

Kin san wahalar ruwa da muke sha tun da aka tashe mu daga tsohon Zongo. Kafin Sallah Alhaji ya samu gangunan ƙarfe a Aflawo, kan iyakar Gana, irin waɗanda muke ce wa tano, an shafe su da shuɗin fenti, suna da murfi mai kyau. Ya kai wasu shagonsa na kasuwar Adawlato, sauran ya jibge a tsakar gida. Mata suka yi ta saye. Ni ma na ɗauraye ɗaya, na zubar da ruwan a bayan ɗaki, da la'asar na tarar agwagina biyu sun mutu. Na ɗauka annoba ce.

Washegari Nata'ala ya iso daga Gana, daga mahaƙar zinarin da yake aiki. Ko jakarsa bai ajiye ba ya buɗe ganga ɗaya, ya ga farin gari a gindinta, ya kankare fentin da makulli, sai ga hoton ƙoƙon kan mutum a ƙasa. Daidai lokacin Alhaji yana ɗora wa wata mata ɗaya a ka. Yaron ya ture gangar ta faɗi, ya ce da ƙarfi Baba zai kashe mutane. Alhaji ya ce shi da ya goya shi a kafaɗa ne yau zai kira mai kisan kai? Ya shige ɗaki.

Ni ce na zaunar da yaron ya yi mini bayani. Ya ce dutsen da suke haƙa zinarinsa kaɗan ne, ido ba ya ganinsa, niƙa shi ya zama gari kuwa asara ce. Sai a farfasa shi kamar tsakuwa, a gauraya da farar ƙasa, a tula shi tsibi guda kan wata leda mai kauri da ta kai faɗin filin Idi. A sama a shimfiɗa bututai suna yayyafa ruwan da aka narka wani sinadari a ciki, sayanaid sunansa. Ruwan yana tsiyaya a hankali tsakanin duwatsun, wata da watanni, yana narkar da zinarin yana tafiya da shi, kamar yadda muke tace ruwan toka. A ƙasa ya taru a tafki, a bi da shi ta cikin gawayin ƙoƙon kwakwa, zinarin ya maƙale a gawayin, ruwan kuma a mayar da shi sama. Ya ce farar ƙasar ita ke hana gubar tashi ta zama iska. Abin da ke narka zinari a cikin dutse, in ji shi, ɗan kaɗan ya isa ya kwantar da babban mutum, kuma a cikin waɗannan gangunan ake kawo shi. Ka'ida a wanke su, a huda, a binne. Wani ne ya sato ya yi musu fenti.

Na shiga na gaya wa Alhaji maganar agwagin. Ya tashi ya sa takalmi. Nata'ala ya so a sanar da jandarma, Alhaji ya ƙi, domin kayan ba su da takardar kwastan, kuma kin san a ƙasar nan ba mai son sunansa ya shiga ofishin masu kaki. Sai suka je wajen liman da sarkin Zongo, aka yi shela a masallatai. Suka ɗauki hayar mota suna bi gida gida. Mariyatu mai koko har ta cika tata za ta jiƙa masara, Allah Ya tsare ba ta zuba ba.

Ɗaya ce ta ba mu tsoro. Wata Ba'ewiya, 'yar ƙabilar Ewe, ce ta saya a shago, ba wanda ya san sunanta, an dai ce daga unguwar Bè-Kpota take. Hasanatu ta gidanmu, da ta iya yarensu, ta bi layi layi tana tambaya. Da aka same ta, ashe rasuwa aka yi musu, ta tafi ƙauye tun ranar, gangar na jingine a ƙofarta ko murfin ba a buɗe ba. Alhaji ya zauna a dakalin matar yana hamdala. An huda gangunan duka, an binne can nesa da rijiyoyi, yadda yaron ya nuna.

Duk wannan yawon ba su yi wa juna magana ba sai ta bakina. Na sa Nata'ala ya durƙusa ya ba da haƙuri kan muryar da ya ɗaga, Alhaji ya ce ya ji. Ranar komawar Nata'ala Gana kuwa Alhaji ya riga kowa ɗaukar jakar, ya kai shi tasha da kansa. Da mota za ta tashi ya riƙe hannunsa ta taga, ya ce ya riƙa sa safar hannu a wurin aiki, kuma in ya sake ganin irin wannan ya ɗaga muryar fiye da haka.

Don haka, Yaya, kada ki yi masa faɗa. Addu'a za ki ƙara masa, domin kullum da wannan ruwan yake wuni.

Ki gaishe da Malam Haliru, da Mariama, da Sulemana da iyalinsa. Rahmatu da Hasanatu suna gaishe ki.

Taki ƙanwa,
Barakatu