Sudan Ba Ta Cikin Jerin

Talata, 15 ga Nuwamba, 2016. Aljirif, ƙarfe tara da minti goma na dare. Yanzu aka dawo da wuta.

Wata huɗu ina tace jami'o'in waje masu koyar da binciken shaidar kwamfuta ta intanet, har suka rage biyu. Yau a shagon yadin Kawu Isiyaku da ke Umdurman na buɗe fom ɗin ta farko. A jerin ƙasashe, daga Sri Lanka sai Suriname. Sau uku na duba. Babu Sudan, saboda takunkumi. Ta biyun ma haka.

Kawu ya ce, "Ya zol, kai mutumina, zaɓi Najeriya mana! Ba daga Kano kakanka ya tako ba?"

Na ce, "Kawu, mutanen nan sana'arsu ke nan, gano inda saƙo ya fito."

"To halas, shi ke nan, ranar Asabar ka zo ka kama awon yadi."

Ban ga alamar wasa a fuskarsa ba.

Abin da ban sani ba: ko za su amsa wasiƙata, ko in na samu digirin akwai mai ɗaukata aiki a nan ban da masu buɗe wayoyin mutane, ko ranar Asabar ina da bakin ce wa Kawu a'a.